Wace ce Cinderella G. Stump?

A shekarar 1947 kamfanin Capitol da ke Los Anjalas ya fitar da wani faifan garmaho da ya tashi hankalin gidajen rediyon Amurka. Waƙar da ke ciki kowa ya san ta. Sunanta "Temptation", Nacio Herb Brown da Arthur Freed suka tsara ta a 1933, Bing Crosby ya fara rera ta a fim, Perry Como kuma ya sake farfaɗo da ita a 1945. Waƙar soyayya ce mai nauyi, irin wadda mawaƙi ke dafe ƙirji yana jan murya kamar ransa zai fita. A wannan sabon faifai sai aka ɗora ta a kan goge da jita irin na mutanen duwatsun kudu, aka ƙara mata gudu, aka murɗe sunan ya koma "Tim-Tay-Shun" yadda baƙauye zai furta shi. Wata mata ce ke rerawa da muryar hanci, tana tsaga amo ba kunya ba tsoro, namiji yana yi mata katsalandan daga gefe.

Mutane suka yi dariya, suka kuma saya. Kafin watan Yuni ya ƙare faifan ya hau matsayi na ɗaya a jerin mujallar Billboard. A jikin takardarsa an rubuta sunan ƙungiyar Red Ingle and the Natural Seven, sai sunan mai waƙar: Cinderella G. Stump.

Ba wanda ya taɓa jin wannan suna. Ba ta da wani faifai kafin wannan, ba wata tashar rediyo da ta raine ta, ba garin da ya fito ya ce 'yarsa ce. A harkar da mawaƙi ke shekara da shekaru yana bin ƙananan tashoshi kafin a san da zamansa, mace ba ta faɗowa daga sama ta hau na ɗaya. Sunan ma kansa da ganinsa ka ga ƙirƙira: rabinsa na farko na yarinyar tatsuniya ne, rabin ƙarshe kuwa kututture yake nufi. Ke nan akwai wadda ta laɓe a bayansa.

Wanda zai bi sawu, daga maigidan ƙungiyar ya kamata ya fara, tunda shi bai ɓoye kansa ba. Red Ingle ya yi shekaru yana busa a ƙungiyar Ted Weems, daga baya ya koma wurin Spike Jones, uban masu yi wa waƙoƙi kaca-kaca da ƙararrawa da harbin bindiga. A can ya ƙware a sana'ar ɓata waƙa da gangan, kuma mutanen da ke irin wannan aiki a situdiyoyin Hollywood ba 'yan koyo ba ne, makaɗa ne da ke karanta rubutaccen kiɗa su buga shi nan take. Idan masu kiɗan duk birni suke suna wasan ƙauyanci, ba dalilin da zai sa a ɗauka mai waƙar ce kaɗai baƙauyar gaske.

Sawu na biyu yana cikin muryar, kuma shi ya fi kowanne ƙarfi. Wanda bai iya waƙa ba kuskurensa ba ya da tsari. Yau ya shigo da wuri, gobe ya makara, numfashi ya yanke masa a tsakiyar baiti, ya ɓace wa makaɗa sai sun dawo sun ɗauko shi. A saurari Cinderella da kunnen basira. Duk ihun da take yi, ba ta taɓa sakin kiɗa, duk da gudun da ake yi. Tana shiga inda ya kamata, tana fita inda ya kamata, in ta karkace kuma daidai wurin da karkacewar za ta ba da dariya take yi. Mu nan mun san wannan a wurin 'yan kama: wanda zai ɗauki waƙar babban makaɗi ya mayar da ita ta tuwo da miya har 'yan kallo su riƙe ciki, sai ya riƙe karin asali daram, in ba haka ba ba wanda zai gane abin da yake kwaikwaya. Mai wannan murya ta san "Temptation" ciki da bai, kuma maƙogwaronta yana yi mata biyayya.

To, ƙwararriya ce. Wacce daga ciki?

Hankali zai fara zuwa kan matan da suka riga suka yi suna da wasan ƙauyanci. Akwai Minnie Pearl ta dandalin Grand Ole Opry a Nashville, mai hula da takardar farashi tana lilo, wadda ita ma sunan aro ne: Sarah Ophelia Colley ce, 'yar gidan rufin asiri da ta yi karatun wasan kwaikwayo a kwaleji. Amma ita labari take bayarwa, ba waƙa ce jarinta ba, kuma tana can Tenesi. Akwai Judy Canova mai shirin rediyo nata na kanta. Akwai Dorothy Shay, wadda a wannan shekarar take cin kasuwa da irin wannan salo a kamfanin Columbia. Duk su ukun matsala ɗaya ke fitar da su: ƙauyanci shi ne hajarsu, sunansu a jikin faifai ƙarin ciniki ne. Me zai sa su ɓoye? Mai ɓoye suna a irin wannan faifai ita ce wadda sunanta bai dace da shi ba, wadda jama'a suka saba gani cikin doguwar riga gaban babbar ƙungiyar makaɗa.

Wannan ya mayar da mu cikin gidan Capitol kansa. A wancan zamani mawaƙi ɗaure yake da kamfaninsa, kuma ya fi sauƙi a jawo ta gida da a aro ta waje. Manyan matan gidan a 1947 sanannu ne: Peggy Lee, Margaret Whiting, Jo Stafford. A nan ne binciken ke cin karo da bango, domin abin da ke cikin faifan ya wuce iya sarrafa murya. Akwai lafazi. Yadda ake jan wasula, yadda ake haɗiye ƙarshen kalma, yadda ake tura sauti ta hanci, duk na mutanen duwatsun Apalashiya ne, kuma bai yi kama da na wadda ta koya jiya ba. Peggy Lee 'yar Dakota ta Arewa ce, kusa da iyakar Kanada. Margaret Whiting a Detroit aka haife ta, ta tashi a Hollywood gidan mahaifinta Richard Whiting, mashahurin mai tsara waƙoƙin fim. Jo Stafford kuwa haihuwar Coalinga ce a Kalifoniya, 1917, ta girma a Long Beach bakin teku.

A takarda ma ita ce ta fi kowa nisa da zargi. Tun tana yarinya aka horar da muryarta da niyyar ta zama mawaƙiyar opera, talaucin shekarun 1930 ya hana. Ta yi zamani a ƙungiyar Pied Pipers tare da Tommy Dorsey, lokacin da Frank Sinatra yake can. Sojojin yaƙin duniya na biyu suka so ta har suka laƙaba mata GI Jo. Abin da makaɗa suka fi yaba mata shi ne tsabtar amo: in ta kama sauti tana tsakiyarsa, ba sama ba ƙasa. Ga wani abin da zai ƙara kawar da ido daga kanta: a shirin rediyo na Chesterfield Supper Club, ita da Perry Como suke raba ranakun mako, wato mutumin da ya yi kasuwa da waƙar da ake yi wa tsiya.

Sai dai wurin haihuwa ba shi ne gidan da mutum ya tashi ba. Iyayen Jo Stafford daga Tenesi suka yi ƙaura zuwa Kalifoniya, mahaifin yana neman aiki a rijiyoyin mai. Mahaifiyarta, Anna York, gwanar kaɗa banjo ce, tana rera tsofaffin waƙoƙin duwatsu a cikin gida, kuma dangin Saje Alvin York ce, jarumin yaƙin duniya na farko da aka yi fim a kansa. Lafazin da ba a taɓa ji a bakin Jo a rediyo ba, da shi aka yi mata magana tun tana goye. Da wannan komai ya zauna: ƙwarewar, kamfanin, dalilin ɓoye suna, da harshen.

Ita ce kuwa. Yadda abin ya faru ma bai kai girman surutun da ya jawo ba. Mawaƙiyar da Ingle ya shirya da ita ba ta samu ba, Jo tana kusa, ta karɓi aikin don nishaɗi. Kuɗin zama guda aka biya ta, irin wanda ƙungiyar ma'aikata ta yanka wa kowane mai aikin situdiyo, ba ta nemi kaso a cinikin ba. Faifan da ya hau na ɗaya, mai muryar ta tashi da ladan yini. Da asiri ya tonu ba ta yi musu ba, har ta riƙa rera waƙar a gaban jama'a da wannan murya.

Abin da ya biyo baya ya nuna ba tsautsayi ba ne. A 1948 ta fitar da kundin tsofaffin waƙoƙin gargajiyar Amurka, a natse, ba wasa. Ta rera "Jambalaya" ta Hank Williams a 1952. Babbar waƙarta ta wannan shekara, "You Belong to Me", cikin waɗanda suka tsara ta akwai Pee Wee King da Redd Stewart, 'yan gidan kiɗan kantiri, kuma da ita ta zama mace ta farko da ta hau na ɗaya a jerin faifan Birtaniya. Shi ya sa ban yarda da masu cewa faifan 1947 raini ne ga mutanen ƙauye ba. Wadda ta sha duka a ciki ita ce waƙar birni mai kumbura kai. Muryar ƙauyen sanda ce kawai, kuma a hannun 'yar gida take.

Wannan dabara ta rufe fuska ta zauna sosai a kiɗan kantiri, wanda mu muka fi sani ta bakin su Jim Reeves da Don Williams, har mukan ɗauka duk natsuwa ne. Ferlin Husky ya ƙirƙiro Simon Crum, wani mai surutu da ke kwaikwayon manyan mawaƙa, ya kuma ci kasuwa da sunan a 1958. Sheb Wooley, ɗan wasan da ya fito a fim ɗin High Noon, ya zama Ben Colder, bugagge mai maimaita waƙoƙin mutane a karkace, har ƙungiyar kiɗan kantiri ta CMA ta ba shi kambin ɗan barkwancin shekara a 1968. A 1974 Statler Brothers, waɗanda muryoyinsu huɗu ke haɗuwa ba tangarɗa, suka fitar da kundi guda cur da sunan Lester "Roadhog" Moran da ƙungiyarsa, suna kwaikwayon makaɗan ƙaramar tashar rediyo da ko ɗaure tsirkiya ba su iya ba. Homer da Jethro kuwa, da suka ci lambar yabo ta Grammy da kwaikwayon waƙar Johnny Horton ta 1959, sun fitar da kundin kiɗa zalla a 1962 don a ji hannunsu, kuma har yau masu kaɗa mandolin suna ɗaukar Jethro Burns malami. Bambancin kawai, su waɗannan kowa ya san wanda ke ƙarƙashin hular.

Jo Stafford ce ta sake rufe fuska da gaske. A 1957 kamfanin Columbia ya fitar da kundin wasu ma'aurata, Jonathan da Darlene Edwards: mijin yana kaɗa fiyano da alfahari yana tuntuɓe a kowane layi, matar tana bin amo tana wuce shi da kaɗan, kaɗan ɗin da ke sa haƙori tsami. Aka sake shiga cece-kuce, har wasu suka ce tsohon shugaban ƙasa Harry Truman ne da 'yarsa Margaret, tunda shi yana taɓa fiyano ita kuma tana waƙa. A watan Satumba mujallar Time ta bayyana cewa Jo ce da mijinta Paul Weston, jagoran makaɗa. Suka ci gaba da wasan shekara da shekaru. A 1961 kundinsu na waƙoƙin Faris ya ci Grammy a rukunin barkwanci, kuma har ta rasu a 2008 shi ne Grammy ɗaya tilo da Jo Stafford ta ci a gasa.