Daga Ƙofar Ƙaura Zuwa Bakin Teku: Lissafin Ɗan Fansho

Kawuna ya ajiye aiki bara, bayan shekara 35 yana hidimar gwamnati. Ya ce kafin ƙafa ta gaza sai ya ga teku da idonsa, kuma a cikin motarsa, daga Legas har Accra. Ran nan bayan la'asar muka zauna a zaure, na juya bayan wata tsohuwar ambulan muka shiga lissafi.

Adadin farko shi ya sanyaya masa gwiwa. Daga Katsina zuwa Legas, kimanin kilomita 1,100 ne. Daga Legas zuwa Accra, ta Badagry da Kwatano da Lome, bai kai 500 ba. Wato a cikin kusan kilomita 1,600 na zuwa, abin da ya fito dominsa bai cika kashi ɗaya cikin uku ba. Sauran duk daji ne da tireloli da shingayen bincike.

Sai mai. A ce motar tana shan lita 10 a kilomita 100, wanda ga tsohuwar motar kawu ma an yi mata alfarma. Zuwa da dawowa kilomita 3,200, lita 320 ke nan. Kafin a cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023 lita ba ta kai naira 200 ba, da kuɗin bai wuce naira 64,000 ba. In an ɗora lita a kan naira 1,000, ya zama 320,000, fiye da mafi ƙarancin albashi na wata huɗu, tunda naira 70,000 aka tsayar a 2024. Ba a sa masauki ba, ba a sa taya ba.

Gaɓar kanta gajera ce. Ta Benin kilomita 121, ta Togo 56 kacal, ko shayi bai huce a fulas ba ka ratsa ta. Abin da ke cin yini shi ne iyakoki uku, Seme da Hillacondji da Aflao. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba shi kwana 90 babu biza, amma sai da fasfo, da katin rigakafin shawara, da inshorar mota ta ECOWAS. Aljihu kuma zai yi magana da harshe uku: naira, sefa, sidi.

Ya tambaye ni sabuwar hanyar Legas zuwa Kalaba mai kilomita 700. A 2024 aka fara ta, kashin farko kusan kilomita 47 ne, kuma gabas ta nufa, shi yamma za shi.

Ni dai shawarata ya bar motar a gida, ya hau ta haya zuwa Legas, kuɗin man ya kwana da shi a Ouidah da Zangon Kwatano. Ya karɓi ambulan ɗin, ya linke ta ya sa a aljihun gaba, ya ce sai ya ji ta bakin bakanikensa.