Abubuwan da ya kamata ka sani kafin canza katalis ɗin motarka

Mene ne aikinsa?

Katalis, wanda makanikai da yawa a Najeriya ke kira "indomi", wani akwatin ƙarfe ne a jikin bututun salansa. A cikinsa akwai tangaran mai ƙananan ramuka kamar saƙar zuma, an shafe shi da ƙarafa masu tsada: filatinom, faladiyom da rodiyom. Idan hayaƙi ya ratsa ramukan da zafinsa, ƙarafan nan suna mayar da iskar kabon monoksaid da ragowar man da bai ƙone ba su zama iska mai sauƙin illa da tururin ruwa. Tun 1975 aka fara sa shi a yawancin sabbin motoci a Amurka.

Me ke kashe shi?

Nan ne masu mota suka fi tafka asara. Da wuya katalis ya mutu haka siddan. Fulogi ne ya lalace, ɗanyen fetur ya riƙa gangarowa yana ƙonewa a cikinsa har tangaran ya narke. Ko injin yana shan baƙin mai, ko gaskit ya ƙone ruwan lagireto yana shiga, ramukan suka toshe. Wanda ya sa sabo bai gyara wannan ba, zai sake saye.

Alamunsa: mota ta rasa ƙarfi a hawa, wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai, ƙarar kwaramniya a ƙarƙashi, fitilar injin ta kunna. Na'urar bincike takan nuna lambar P0420, amma lalacewar sensar iskar oksijin ko hujin salansa ma suna kawo ta. A duba su tukuna.

Idan aka ce a fasa a zubar fa?

Kada ka yarda. Mai ba ka shawarar ya san 'yan gwangwan suna sayensa da daraja. A 2021 farashin oza ɗaya na rodiyom ya haura dala 25,000. Dalilin sace katalis ke nan a gareji da wurin ajiye motoci. Motar da aka ƙwaƙule katalis ɗinta kuwa, gubarta huhun 'yan talla da masu babur da ke bayanka a cunkoso take shiga, kuma wannan zalunci ne.

Wajen saye

Nemi wanda ya dace da ƙirar motarka da shekararta. Idan na hannu ne, ka haska tocila ka ga tangaran yana nan lafiya. Ka tsaya a ɗaura shi a gabanka, kuma ka karɓi tsohon, domin kuɗinka ne.