In Tashi Ya Kama, Kada A Bar Karatun Yarinya A Baya

Da aka rufe masaƙar KTL ta Kaduna a 2002, ta UNTL kuma ta bi baya a 2007, dubban magidanta suka wayi gari ba aiki. Wasu suka kwashe iyali daga Kakuri suka nufo Jihar Kano, ko noman rani da ruwan madatsar Tiga ta ƙasar Bebeji, ko harkar shinkafa a Tudun Wada.

To, a irin wannan tashi akan ɗaure kwalla da katifa, a manta da karatun yarinya. Namiji akan nema masa makaranta. Ita kuwa sai a ce ta dakata a natsu tukuna. Daga nan sai talla, daga talla sai aure.

Saboda haka kafin ku tashi, je ki wurin hedimasta ki karɓo takardar canjin makaranta da sakamakon jarrabawarta. In da hali, ki lallashi maigida a bari zangon karatu ya ƙare. Kuna sauka, tun kafin ki nemi adashi, ki kai ta aji.

Ke kuma 'yar makaranta, riƙe littattafanki a hannu, kada su shiga buhun kaya.