Ma'ana da Magani: Nazarin "Gishiri" da "Maganin Fitsari" a Bakin Masu Ciwon Zuciya

1.0 Gabatarwa

Idan zuciya ta gaza harba jini yadda ya kamata, ruwa kan taru a ƙafafu da ciki da huhu. Likitoci kan ba da furosemide, wato Lasix, domin ƙoda ta fitar da sinadarin sodiyam, ruwa ya bi shi ta fitsari. Wani lokaci kumburin kan ƙi sauka duk da ana shan maganin. Daga cikin dalilan akwai kumburin hanji da ke hana magani shiga jini, da shan magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen, da kuma yawan cin sodiyam. Wannan maƙala za ta nuna cewa wani ɓangare na wannan bijirewa daga harshe yake tasowa.

2.0 Gishiri

A wurin likita, "rage gishiri" na nufin rage duk abin da ke ɗauke da sodiyam. A wurin Bahaushe kuwa, gishiri daban, kanwa daban, Maggi daban, alhali dukkansu suna ɗauke da shi. Saboda haka maras lafiya kan daina barbaɗa gishiri, ya ci gaba da shan kunun kanwa, yana mai imanin ya bi umarni. Tun a 1978 Davidson da Parry suka buga bincikensu kan gazawar zuciyar masu jego a Zariya, inda aka danganta ta da wankan jego da kunun kanwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci baligi da ya ci ƙasa da giram 5 na gishiri a rana, amma Bahaushe ba ya lissafa kanwa cikin wannan awo.

3.0 Maganin Fitsari

A dubi waɗannan misalai:

(1) maganin tari
(2) maganin ƙarfi
(3) maganin fitsari

A (1) magani na kawar da abin da aka ambata, a (2) kuwa samar da shi yake yi. Misali na (3) na iya ɗaukar ma'anonin biyu. Wanda ya fahimce shi bisa tsarin (1), da ya ga fitsari ya ƙaru sai ya zaci maganin bai karɓe shi ba, ya ajiye shi. Haɗarin ya fi girma a wuri kamar Malkohi, kusa da Yola, inda 'yan gudun hijira daga Gwoza da kewayenta suka zauna tun 2014, domin da yawansu Hausa harshe na biyu ce a gare su.

4.0 Kammalawa

Muna ba da shawarar a riƙa cewa "maganin sa fitsari", a kuma jera "gishiri da kanwa da Maggi" kowanne da sunansa. Kafin likita ya ƙara yawan ƙwaya ko ya koma ga allura, ya dace ya tambayi maras lafiya abin da ya fahimta. Tsara irin waɗannan kalmomi nauyi ne da ya rataya a wuyan masana harshe da likitoci baki ɗaya.