Yunwa Bayan Tiyatar Rage Ƙiba: Gaskiya da Ji-ta-ji-ta

A Agye, Gazawa da Gidan Rumji, wanda ya je Tunisiya, Masar ko Turkiyya aka rage masa tumbi ba ya ɓuya, don ya tafi da teɓa ya dawo riga na yi masa yawa. Bayan shekara uku ko huɗu, da an ga kumatunsa sun fara cikowa sai magana ta tashi: aikin ya warware, tumbin ya koma yadda yake, an yi asarar kuɗi. Akwai ƙanshin gaskiya a zancen, amma ƙarin gishirin ya fi yawa, kuma shi ne ke sa mai abin ya ji kunya ya daina zuwa wurin likita.

Gaskiya ne yunwa tana dawowa. A aikin da aka fi yi yanzu, ana cire kusan kashi 80 cikin 100 na tumbi, a bar shi siriri kamar ayaba. Sashen da ake cirewa shi ya fi samar da sinadarin girelin, wanda masanan Japan suka gano a 1999, mai sanar da ƙwaƙwalwa cewa lokacin ci ya yi. Shi ya sa a shekarar farko sai mutum ya wuni bai tuna da abinci ba. Daga baya jiki yana sabawa: jikin da ya rame yana rage ƙona abinci, yana ƙara neman ci, ragowar tumbin kuma yana ɗan buɗewa. Sai dai abin da aka yanke ba ya tsirowa, kuma wannan yunwa ba kwaɗayi ba ce, balle sammu.

Cewa duk ƙibar za ta dawo kuwa, alƙaluma sun ƙaryata shi. A Suwidin an fara bin mutum sama da 4,000 masu ƙiba tun 1987, kusan rabinsu an yi musu tiyata. Waɗanda aka yi wa wani nau'in aikin, wato aka karkatar musu da hanyar abinci, sun zubar da kashi 32 cikin 100 na nauyinsu a shekara ɗaya zuwa biyu, bayan shekara goma kuma ragin yana kashi 25. Wato mai kilo 120 ya sauko kusan 82, ya tsaya wajen 90. Kilo takwas sun dawo, talatin ba su dawo ba. Akwai wanda nasa kan fi haka nesa, kuma a nan ne ya kamata a duba abin da ke shiga baki.

Kuskuren da ya fi tsada shi ne ɗaukar fura a matsayin ruwa. Tuwo da nama suna zama a ƙaramin tumbi su cika shi, amma fura, kunun aya, kunun gyada, lemon kwalba da shayi zagaye uku mai kaurin sukari zarcewa suke yi. Mutum zai rantse loma biyar yake ci, alhali ƙwaryar fura tana gefensa daga hantsi har la'asar, ga gyada da ƙuli-ƙuli a aljihu. Wanda aka karkatar wa hanya, sukari na iya jawo masa jiri, zufa da bugun zuciya, can kuma sukarin jini ya faɗi yunwa ta taso sabuwa. Wani zai ce, a ƙasar gero wa zai rabu da fura, kuma wa ke da kuɗin nama kullum? Tambaya ce mai ma'ana. Ba a ce a bar fura ba. A auna ta da ludayi, a hana ta sukari, a ƙidaya ta cikin abincin wuni. Wake, ƙwai, nono, awara da zogale duk suna kasuwar Cadawa da ta Tibiri. A fara ci da su, a jinkirta shan ruwa kamar minti talatin bayan an gama.

Shayin rage ƙiba da ake tallatawa, da yawansa filasko ne ko danginsa: zawo yake sawa, ruwan jiki yake zubarwa, kitse na nan. Allurar samaglutaid tana rage yunwa da gaske, amma a gwajin da aka yi, kusan kashi biyu cikin uku na nauyin da aka zubar ya dawo shekara ɗaya bayan an daina. Tana buƙatar firij da kulawar likita, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan jabun Ozempic, ɗaya daga sunayen kasuwa na allurar, a 2024. Masu barin shan bitamin bayan aikin wai yana sa ƙiba su sani ba ya sa ta. Rashin B12 da sinadarin ƙarfe bayan wannan aiki yana kawo ƙarancin jini da mutuwar jijiyoyin ƙafa.

Wanda aka yi wa aikin ya hau sikeli sau ɗaya a wata a asibitin garinsu, ya rubuta. In kilo na hawa wata bayan wata, ko amai ya ƙi tsayawa, ya ɗauki takardun tiyatarsa ya ga likita a Maradi.