Zama Cikin Kumbo: Tsakanin Jin Daɗi Da Tsira Da Rai

Duk wanda ya saba da doguwar tafiya ya san abu biyu ne ke damun matafiyi: ko zai samu wurin miƙe ƙafa, da kuma ko zai sauka lafiya. Ƴan sama jannati ma ba su tsira daga wannan tunani ba. Tun daga 1961, lokacin da Yuri Gagarin ya fara kewaya duniya, Rasha da Amurka suka yi ta ƙera kumbuna iri-iri, kowane da irin amsar da ya bayar.

Na farkon dai sun sha wuya. A watan Disamba na 1965, Frank Borman da Jim Lovell sun yi kusan kwana 14 cikin kumbon Gemini 7, a wurin da bai wuce kujerun gaba na ƙaramar mota ba. Babu wanka, babu makewayi, sai ƴan jakunkunan leda. Kumbon Apollo da ya kai mutane wata a 1969 ya ɗan fi sarari, amma shi ma ledar ce.

Soyuz na Rasha, wanda ya fara ɗaukar mutum a 1967 kuma yake aiki har yau, shi ne ya fi suna wajen matsi. Mutum uku ke zama kafaɗa da kafaɗa, gwiwoyi a naɗe kusa da ƙirji. Kafin tafiya akan kwantar da kowanensu cikin kwaɓin farar ƙasa irin ta ɗaurin karaya, a ɗauki siffar bayansa, a yi masa shimfiɗar kujera daidai jikinsa. Dalili kuwa shi ne sauka: kumbon yakan faɗo da laima a dajin Kazakistan, nauyin jikin mutum ya ninka kamar sau huɗu, sa'an nan ya bugi ƙasa da ƙarfi. Idan aka samu tangarɗa abin yakan fi haka. A 2008 Ba'amurkiya Peggy Whitson da abokan tafiyarta sun ji nauyin da ya ninka sau takwas.

Jirgin jigila na Amurka mai fukafukai, wanda ya yi tafiya 135 daga 1981 zuwa 2011, shi ne gidan sarauta. Ɗakin matafiyansa bene ne, girmansa kusan metir kub 70, ma'aunin nan da ake lissafin ruwan famfo da shi. Yana ɗaukar mutum bakwai, da makewayi, da wurin ɗumama abinci. Nauyi ba ya wuce ninki uku, kuma yakan sauka kan filin jirgi da tayoyinsa kamar kowane jirgin sama.

Sai dai kash, wannan jin daɗi ya zo da tsada. Jirgin ba shi da na'urar da za ta fizge ɗakin matafiya ta raba shi da roka idan wuta ta tashi. Ranar 28 ga Janairu 1986 Challenger ya tarwatse daƙiƙa 73 bayan tashinsa, mutum bakwai suka rasu. Ranar 1 ga Fabrairu 2003 Columbia ya wargaje a hanyar dawowa, wasu bakwai suka rasu. Soyuz kuwa, bayan mutum ɗaya da ya rasu a 1967 da uku a 1971, bai sake cin rai ba. A watan Oktoba na 2018 rokarsa ta lalace ana cikin tashi, na'urar ceto ta janye Nick Hague da Aleksey Ovchinin, suka sauka da ransu. Hausawa sun ce ba girin-girin ba, ta yi mai.

Ritayar jirgin jigila ta tilasta wa Amurka sayen kujera wajen Rasha har shekara tara, farashin kujera ɗaya ya kai wajen dala miliyan 90 a 2020. A shekarar ce kumbon Dragon na kamfanin SpaceX ya fara ɗaukar mutane. Yana da kujeru huɗu, da sararin metir kub 9, da allunan gilashi da ake sarrafawa da yatsa, kuma cikin teku yake sauka. Amma Soyuz ya fi shi sauri: a watan Oktoba na 2020 ya isa tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa cikin awa uku, alhali Dragon yakan kwashe kusan kwana guda.

Bafaranshe Thomas Pesquet ya ɗanɗana duka biyun, Soyuz a 2016, Dragon a 2021. A dawowarsa ta watan Nuwamba 2021 makewayin Dragon ya lalace, dole shi da abokansa uku suka ɗaura ƙunzugu irin na jarirai har suka sauka. Abin da maƙeran Dragon ba su yi sakaci da shi ba shi ne darasin Challenger: injunan ceto guda takwas suna nan a jikin kumbon, a shirye tun kafin roka ta bar ƙasa.