Kafin a Rushe Bangon Kicin

A 'yan shekarun nan wani yayi ya shigo biranenmu, inda mai hali zai sayi tsohon gida a bene, irin waɗanda ke Fagge ko Sabon Gari a Kano, ya sa magina su kayar da bangon da ya raba kicin da falo, wai don gida ya yi fili kamar na Turawa. Ni ba na ƙin gyara, amma ina ganin ya kamata mu tambayi kanmu abin da bangon nan yake ɗauke da shi.

Su kansu Turawan ba da buɗaɗɗen kicin suka fara ba. A shekarar 1926 wata 'yar ƙasar Austiriya mai zanen gine-gine, Margarete Schütte-Lihotzky, ta zana wa gidajen ma'aikata na birnin Frankfurt a Jamus ɗan ƙaramin kicin, mita 1.9 faɗi, 3.4 tsawo, mai ƙofarsa, kuma aka gina kusan 10,000 irinsa. Sai daga baya, bayan fankar zuƙe hayaƙi ta wadata, suka rungumi haɗa girki da wurin zama.

Mu kuwa, mai karatu, girkinmu na suyar manja ne da attaruhu da daddawa, ga wutar lantarki da ba ta zama, balle fanka ta yi aiki. Hayaƙin a labule da kujeru zai sauka, tukunyar gas kuma ta koma kusa da inda yara ke wasa. Uwargida ma za ta rasa sirrinta, domin duk baƙon da maigida ya shigo da shi, idonsa na kan tukunyarta.

Babban haɗarin shi ne nauyi. A tsofaffin benaye da yawa, bangon da ake gani kamar shamaki ne kawai shi ke tallafe da ɗakin da ke sama. Wanda ya fasa shi ba tare da an kafa ginshiƙi ba, da ran maƙwabcinsa yake wasa.

Don haka shawarata ita ce a fara kiran injiniya ya duba, a nemi izinin hukumar tsara birane, kamar KNUPDA a Kano, sannan a saurari matar da za ta tsaya a gaban murhun. Sau da yawa babbar taga ko ƙofa mai zugewa ta wadatar. Rigakafi dai ya fi magani.